Filin Iyali: Makarantar Tsakar Gida

A watan azumi na 2025, gwamnatocin Katsina, Kano, Kebbi da Bauchi sun rufe makarantu har bayan salla. Ƙungiyar Kirista ta Nijeriya, wato CAN, ta yi kuka a kan haka, aka yi ta magana a rediyo. Mu nan Katsina, maganar ta sauko mana cikin tsakar gida: ga yara huɗu sun wayi gari ba inda za su, har mako da mako. Wannan ba shi ne karo na fari ba. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu wata da watanni, cikin Disamba na wannan shekara kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana.

To, wa ya ɗauki nauyin? Uwa ce. Ita wadda in an tambayi mijinta ya kan ce, "Ba ta aiki, tana gida." Mun daɗe muna jin zafin wannan magana. Matar da ta tashi da asuba ta share gida, ta ba kaji dusa, ta ɗaure awaki, ta kai niƙa, ta soya ƙuli-ƙuli na sayarwa, ita ce ba ta aiki? Gaskiya ne zamanta a gida yana da tsada, gama albashi ɗaya ba ya kai ƙarshen wata. Amma bari mu faɗa muku abin da muka gani.

Uwargida ba ta sayi allo ba. Ƙasa ce allonta, tsinke ne alƙalami. Ƙaramin yaro ya koyi lissafi da ƙwan kaji: an sami bakwai, an sayar da uku, saura nawa? Babbar yarinya ta koyi rabi da kwata da mudu da tiya, gama in ta yi kuskure tuwo ne ba zai isa ba. Da almuru, kafin a ci abinci, kowa ya karanta aya biyu da ƙarfi cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa. Wanda ya yi tuntuɓe ya sake. Ba a wuce rabin sa'a, don yaro in ya gaji sai ya ƙi abin gaba ɗaya.

Wannan dabara ta rabin sa'a, wurin maƙwabtanmu Musulmi muka gan ta. Yaransu su kan ɗauki allo da safe da yamma, kaɗan kaɗan, kullum. Ba su jiran sai an sami ɗaki mai benci. Katsina kuwa ta san wannan tun da daɗewa. Wata Asabar muka kwashi yaran muka tafi Gobarau, hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon kamar mita 15, cikin tsohon gari. An ce tun zamanin Sarki Muhammadu Korau aka gina ta, masallaci ne kuma wurin karatu. Malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a garin nan suka yi zamaninsu, tun kafin Turawa su buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yaran sun fi riƙe wannan fiye da abin da suka haddace don jarrabawa.

Kada wani ya ce mun ce a cire yara daga makaranta. A'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu, kuma ba uwar da za ta ba ɗanta takardar shaida daga madafi. Abin da muke cewa shi ne, kada a mai da gida wurin kwana kawai. Timoti ma, wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara.

'Yar'uwa wadda ba ki iya karatu ba, kada ki ji kunya. Ki sa yaron ya karanta miki kina tankaɗe, ki tambaye shi ma'anar abin da ya karanta. In ya kasa faɗa, bai gane ba ke nan. Ki kuma nemi matan Zumunta su koya miki baƙaƙe. Ku kuma maza, ku ajiye waya in kun dawo, ku dubi abin da aka rubuta a ƙasa kafin ku taka shi.

A Gobarau, biyu daga cikin yaranmu sun ƙirga matakala, kowa ya fito da nasa lissafin. Har yau suna gardama, uwarsu kuwa ta ƙi raba su. Ta ce sai mun koma sun sake ƙirgawa.