Shari'ar Da Ba A Bin Sawunta, A Hanya Take Mutuwa

A watan Janairun 2026 jama'ar Jihar Katsina suka wayi gari da labarin wata wasiƙa da Ma'aikatar Shari'a ta jihar ta aike wa Babban Joji, tana neman a duba batun sakin mutum 70 da ake tuhuma da hannu a ɓarnar 'yan bindiga, waɗansu shari'arsu na gaban kotunan majistare, waɗansu kuma gaban manyan kotuna. Kwamishinan Tsaron Cikin Gida, Dakta Nasir Mu'azu, ya fito ya kare matakin da cewa yana cikin sharuɗɗan sulhun da ƙananan hukumomi suka ƙulla da mutanen daji, wanda ta dalilinsa aka sako ɗaruruwan bayin Allah da aka sace. Nan fa gari ya ɗauka. A majalisu da tashoshin mota da ƙofofin masallatai, wannan na cewa an sayar da jinin talaka, wancan na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Abin takaici shi ne, duk cikin wannan hayaniya da wuya a sami matashi ɗaya a Batsari ko Safana da zai iya faɗin lambar shari'a guda, ko kotun da take, ko ranar da aka ɗage ta zuwa, ko sunan laifin da aka rubuta a takardar tuhuma. Alhali kuwa waɗannan garuruwa biyu da ke bakin Dajin Rugu suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu. Babu wanda ya manta da Tsauwa da Ɗankar, inda aka kashe mutum 30 a watan Fabrairun 2020, cikinsu har da tsofaffi da ƙananan yara. Kowa ya san ranar da aka yi makoki. To amma a tambayi ɗan'uwa ko an gurfanar da wani, kuma a gaban wane alƙali, sai ya yi shiru.

Wannan sakaci bai tsaya ga manyan hare-hare ba. Ya fi bayyana a shari'o'in duka da sara da ake yi yau da kullum: wanda aka tare a hanyar kasuwa aka sare shi da adda, wanda aka fasa wa kai a rikicin iyakar gona, wanda ƙauraye suka soka da wuƙa a wajen biki. Ranar da abin ya faru, asibiti ya cika maƙil. Ranar farko a kotu, matasa su yi dandazo har a rasa wurin zama. A zama na uku sai dai a ga wanda aka ji wa rauni shi da mahaifinsa. A zama na shida shi ma ya gaji da kuɗin mota. Bayan wata takwas a ga wanda ake tuhuma yana shan shayi a bakin tasha, sai a ce ai an sayi alƙali. Mai yiwuwa ne an yi zalunci, mai yiwuwa ne kuma shaidu ne suka ƙi zuwa. Wanda bai bi ba, ba shi da ta cewa.

Ya kamata 'yan'uwa su san yadda irin wannan shari'a take tafiya. Idan an kai ƙara caji ofis, 'yan sanda sukan tura wanda aka raunata asibiti domin likita ya rubuta irin raunin, kuma a kan wannan takarda ake bambanta ƙaramin rauni da mummunan rauni, irin karyewar ƙashi ko rasa ido, wanda hukuncinsa ya fi tsanani. Sa'an nan su rubuta takardar ƙara da ake kira FIR su kai kotu, a ba ta lamba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, sai dai in laifin da ake zarginsa da shi hukuncinsa kisa ne. Idan laifin ya fi ƙarfin majistare, kamar kisan kai ko fashi da makami, sai a tura mutum gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a kafin a kai maganar babbar kotu. A wannan jiran ne fayil kan kwanta watanni, wani lokaci shekaru, idan babu mai tambaya. Haka kuma alƙali na da ikon korar ƙara in mai gabatar da ita ya yi ta zuwa babu shaidu. Beli ba wankewa ba ne, sallama saboda rashin zuwan shaidu ita ma ba wankewa ba ce, amma wanda ba ya wurin duk ɗaya zai ɗauke su.

Wannan jarida ba ta taɓa cewa kotunan nan sun cika ma'aunin adalcin da Musulunci ya zo da shi ba. Sai dai ƙofar da doka ta bari a buɗe, wauta ce a ƙi shigarta sa'an nan a koma gefe ana kuka. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya wajabta a yi shari'a a bainar jama'a, ban da 'yan wurare kamar shari'ar yaron da bai kai shekara 18 ba ko abin da ya shafi tsaro. Ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin zaman da ta yi. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 104, ta ce jami'in da ke riƙe da takardar hukuma wadda mutum ke da haƙƙin dubawa ya ba shi kwafinta mai hatimi idan ya nema ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Sashe na 211 kuwa ya ba Babban Lauyan Jiha ikon janye ƙara kafin a yanke hukunci, amma da sharaɗin ya duba maslahar jama'a da ta adalci. Jama'ar da ba ta san ma akwai shari'ar ba, ta yaya za a ji maslaharta?

Kano ta ba da misali. An sace yarinya Hanifa a watan Disamban 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022, ranar 28 ga Yulin 2022 kuma Babbar Kotun Kano ta yanke hukunci. Wata shida kacal. Babu shakka idon jama'a da bai ɗauke daga kan shari'ar ba ko zama ɗaya yana cikin abin da ya hana ta kwanciya.

Ta fuskar addini ma al'amarin a fili yake. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurci muminai da tsayuwa kan adalci da ba da shaida don Allah ko da a kan kawunansu ne ko danginsu. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida. Suratul Hujurat ta yi umurni da bincike kafin a yi aiki da labari. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ba a yin ƙisasin rauni sai raunin ya warke an ga iyakarsa, kuma hukuma ce ke zartarwa, ba 'yan'uwan wanda aka raunata ba. Ashe haƙuri da bin mataki yana cikin shari'ar kanta. Haka nan afuwa haƙƙin wanda aka zalunta ne. Shi zai yafe in ya so, ba wani ne zai yafe a madadinsa yana gida bai sani ba. Dokar ƙasa ma, a laifuffukan rauni da ta yarda a yi sulhu, da yardar mai raunin ta ɗaure abin.

Don haka kira ga matasan kowane masallacin Juma'a, daga Batsari da Ruma da Wagini zuwa Safana da Runka: a ware mutum biyu ko uku masu natsuwa da iya rubutu, a saya masu littafi guda. Duk shari'ar rauni da ta taɓa wani ɗan unguwa, su rubuta lambarta, da kotun, da laifin da ake tuhuma, da ranar kowane zama, da dalilin kowace ɗagewa. Su duba jerin shari'o'in da ake liƙawa a allon kotu, su tambayi rajistara cikin ladabi, duk kuɗin da suka biya su karɓi rasiɗi. Ana gobe zama su tuna wa shaidu, a haɗa masu kuɗin mota daga asusun masallaci, domin shaidan da aka bari shi kaɗai shi ake tsoratarwa. Idan fayil ya kwanta, a rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Shari'a a Katsina, a ajiye kwafi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Amma fa a kiyaye. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai hujja ta tabbata, a shari'ar Musulunci da ta ƙasa baki ɗaya. Littafin nan ba na neman fansa ba ne. Kada a yaɗa hoton kowa a Facebook da sunan mai laifi, kada a yi wa kotu ihu, kada a tsare danginsa a hanya, kada a miƙa wa wani ma'aikaci na goro don a tura fayil. Idan bin sawun ya nuna cewa wanda ke tsare ƙazafi aka yi masa, Bafillace ne ko Bahaushe, ko kuwa ya shafe shekaru a gidan yari ba a saurare shi ba, wajibi ne waɗanda suka riƙe littafin su zama na farkon faɗa. Yankin nan ya ga abin da ramuwar gayya ta haifar: a kashe ɗaya a kasuwa, a ƙone ƙauye da dare.

Ƙarfin matashi ba a taron rana ɗaya ake gane shi ba. Ana gane shi ne a zama na tara, ranar da babu kowa a bencin kotu sai mai rauni da wanda ya rako shi don Allah. Allah Ya ba waɗanda aka raunata lafiya, Ya ƙwato wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya zaunar da Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.