Ƙofar Kudu da Yammacin Hawan Daushe: Me Yaranki Za Su Tuna?



Idan watan Disamba ya kama, ke ma kin san abin da ke cika mana waya. Bidiyon wuraren wasan yara na ƙasashen Turawa, an ƙawata su saboda Kirsimeti, fitilu ko'ina kamar an zazzago taurari, bishiyoyi sun sha ado, ana ta jerin gwano da kaɗe-kaɗe. Yaro ya leƙo ta kafaɗarki ya ce, "Umma, mu yaushe za mu je nan?" Ki ce masa in Allah ya yarda, ki wuce zuwa na gaba.

In kin sake cin karo da irinsa, ki bar yaran, ki dubi fuskokin manyan da suka kawo su. Sau da yawa sun fi yaran zumuɗi. Disneyland da ke Kaliforniya a Amurka tun 1955 aka buɗe ta, ke nan waɗanda aka fara kaiwa suna ƙanana yau kakanni ne. Suna biyan kuɗi mai yawa don su sake tsayawa inda iyayensu suka taɓa riƙe musu hannu, su kuma su riƙe na jikokinsu a wurin.

To in ke 'yar cikin ganuwa ce, kina da irin wannan wuri, kuma ya girmi nasu da ɗaruruwan shekaru, domin Gidan Rumfa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ina nufin Ƙofar Kudu, washegarin Sallah da yamma.

Ki tuna yadda abin yake farawa tun kafin ranar. Zarya gidan tela, har da kuka in ɗinki bai fito ba. Lallen da aka ƙunsa miki da dare aka ce kada ki motsa, kitson da ya ɗaure miki goshi har idonki ya ɗage. Ga tabarau na roba, ga 'yar jaka da ba komai a ciki sai goron Sallar da kika samo a yawon gidajen dangi, wanda kafin magariba ya ƙare a wajen mai gullisuwa da mai hanjin ligidi. Sannan yayarki ta ja hannunki, ku bi lungu ku fita lungu, har ku fara jin ƙamshin turare ya gauraye da warin kashin doki. Wanda bai tashi a nan ba zai ce mene ne abin tunawa a warin kashin doki. Ke dai kin san da kin shaƙe shi gabanki ya fara faɗuwa don murna.

Sai dawakai. Kowane hakimi da tawagarsa, kowace tawaga da launin kayanta. Doki ya sha jalala da ado tun daga goshi har gindin wutsiya, mahayinsa ya naɗa rawani ɗan Kura yana ƙyalli a rana. 'Yan sulke da 'yan lifidi su wuce, dogarai cikin ja da kore suna buɗe hanya, algaita na tashi, kakaki ya amsa. Can sai 'yan bindiga su saki ta farko, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, yara su ƙanƙame na kusa da su suna kuka suna dariya lokaci guda. Kafin ki ga Sarki laima za ki fara hangowa tana juyawa a saman taro, guɗa ta ɓarke daga kan soraye. Yawancinmu da muke iyaye yanzu, wanda muka gani a ƙarƙashin laimar nan marigayi Alhaji Ado Bayero ne, domin ya yi sarauta daga 1963 har 2014. A hawan ne yake biyawa ta Babban Ɗaki, gidan uwar Sarki, ya kai gaisuwa, kuma ni wannan ya fi komai burge ni: duk wannan runduna, ashe gaisuwar uwa za a kai. Daga nan a dawo Ƙofar Kudu a yi jahi, mahaya su sako dawakai a guje, su ja linzami daf da Sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina.

Ba tikiti, ba mai gadin ƙofa. 'Yar mai kuɗi da 'yar mai sayar da ƙosai ƙura ɗaya suke sha.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne, akwai yara da yawa a gidajenmu da ba su da wannan hoton a kansu. A 2020 annobar korona ta hana hawa. Daga Babbar Sallar 2024 kuma aka dakatar da shi saboda rikicin masarauta, aka yi Sallolin 2025 duka biyu ba a hau ba. Abin mamaki, a watan Disamban 2024 ɗin ne hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Ba zan shiga batun sarauta ba, wannan ba filinsa ba ne. Lissafin uwa kawai nake yi. Shekarun da abu ke kama zuciyar yaro ya zauna daram ba su da yawa, daga wajen biyar ne zuwa goma sha biyu. In Sallah uku ko huɗu suka wuce a cikinsu, an ci rabo mai yawa.

Na san za ki ce ai ana kai su Gidan Zoo, su hau lilo su ga zaki, ko a zaga da su Ado Bayero Mall a sha askirim. Ba laifi, mu ma mun sha layin Gidan Zoo. Sai dai lilo iri ɗaya ne a Kano da Legas da Dubai, wanda ya fi kuɗi shi ya fi babba. Jahi kuwa sai an zo mana.

Saboda haka kada ki jira sai an buga tambari. Wata Asabar da safe ki ɗebi yaran ku je Gidan Makama, ga shi nan kusa da fada, su ga kayan yaƙi da hotunan sarakunan da suka gabata. In kun fito ki tsaya da su a filin Ƙofar Kudu ko da ba kowa, ki nuna musu daidai inda kike tsayawa, da inda takalminki ya taɓa tsinkewa. Ku gangara Kasuwar Kurmi wajen masu kayan doki, su taɓa sirdi da likkafa da hannunsu. In da kaka a gida, a ajiye waya a sa ta ba da labarin hawan zamaninta, za ki ji sunayen hakimai da kirarinsu da ke kanki ba ki sani ba.

Duk ranar da aka yi hawa kuma, ki yi shiri irin na mai hankali, don taron yau ba na jiya ba ne. Ki je da babban namiji ko wata babba, kowane yaro da mai riƙe da shi. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun ƙananan, ki nemi gidan 'yan uwa ko na sani da ke kan hanyar hawa ku kalla daga can, ku kuma kama hanyar gida kafin duhu ya yi, wayarki a cikin jaka. Jariri dai a bar shi a gida, ƙarar bindiga ba ta kunnensa ba ce.

Yanzu saura ke. A ina kuke tsayawa kallon hawa kuna yara, kuma wa ke riƙe miki hannu? 'Yan Katsina da Zazzau da Maraɗi, ku ma ku ba mu naku a ƙasa, zan zaɓo wasu mu karanta tare mako mai zuwa in Allah ya kai mu.