Wardi Ma Sai Ya Bi Lokacin Albasa

'Yan'uwana ɗalibai, bari in fara da ba ku labarin wautar kaina, don kada wani ya ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Shekaru biyu da suka wuce, cikin watan Maris, mun tafi yawon buɗe ido Jos. A bakin hanya na ga wani mai sayar da furanni ya jera wardi cikin leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, kowane fure kamar tafin hannun jariri. Na zazzage kuɗin abincina na mako biyu na sayi guda biyar, na ɗauko su cikin kwali har gidanmu a Rabah, na dasa a tsakar gida inda kowa zai gani. Safe da yamma ina ta ɗura musu ruwan da na saya wajen 'yan garuwa. Kafin mako uku huɗu sun bushe ƙurmus, na biyar ɗin kuwa jar akuyar Inna ta yi kalaci da shi. Kawuna, wanda ya tsufa cikin noman albasa, ya dubi kututturen ya ce, "Wanga icce, yaro, ba a lokacinai kad dasa shi ba." Na ce, "Kawu, ai fure ne, ba albasa ba." Ya yi dariya ya wuce masallaci.

Daga baya na gane gaskiyarsa, ita ce kuma ra'ayin da na ke so in kare a nan. Duk ɗan boko da ke sha'awar ƙawata gidan ubansa da wardi a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, malaminsa na farko shi ne manomin fadama. Littafin da aka rubuta don lambun Ingila yana da nasa amfani, amma marubucinsa bai taɓa tsayawa cikin ranar Afrilu a Sakkwato ba.

Na san akwai masu cewa, ina mu ina fure, alhali 'yan bindiga sun raba mutanen ƙauyuka da gonakinsu, abinci kuma ya yi tsada? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa zan yi mata dariya ba. Amma mu tuna yadda aka kafa Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, watau zama a bakin iyaka don tsaron jama'a, ya zauna can har ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan. Manufar ribaɗi ita ce mutane su zauna, su yi gini, su yi noma. Wanda ya dasa abin da ba zai yi kyau ba sai baɗi, ya shaida wa kansa da maƙwabtansa cewa yana da niyyar zama. Sa'an nan kuma son wardi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kalmar ma daga Larabci muka samo ta, alhazanmu suna dawowa da turarensa, kuma da ruwan wardi ake gauraya ruwan Zamzam a wanke Ka'aba.

To, me ya sa wardi ya ke yi a wasu wurare ya ƙi a namu? Ku dubi inda ya yi suna. Ɗa'ifa, wadda wardinta ya shahara a ƙasar Makka, tana kan dutse wajen mita 1,800 sama da teku. Gonakin wardin Kenya da ake kai wa kasuwannin Turai suna kan tudu mai kusan wannan tsawo. Jos tana wajen mita 1,200. Mu kuwa muna ƙasa, wajen mita 300, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Na ɗauko tsiron da ya saba da sanyin dutse, na kawo shi a farkon bazara, na ajiye shi inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar. Da mutum ne aka yi wa haka, da an ce zalunci ne.

Manomin albasa da tafarnuwa ba ya yin wannan kuskure. Yana jira damina ta janye, ya yi dashe sanyi na shigowa, domin saiwa ta kama ƙasa kafin zafi ya sauko. Haka wardi ya ke so. A dasa shi cikin Oktoba ko Nuwamba, ya sami watannin hunturu ya kafu. Lokacin ne kuma furensa ya fi girma da ƙamshi. Idan bazara ta zo, kada a matsa masa da taki ko aski, a bar shi ya tsira da ransa kurum.

Wajen zaɓe ma akwai hikima. Manyan furannin nan da mu ke gani a kalanda, masu fitowa ɗaya ɗaya a kan dogon reshe, irin Turai ne da aka fara haɗawa a Faransa, su ne kuma suka fi saurin galabaita a wurinmu. Masu ƙananan furanni da ke fitowa cikin gungu sun fi jimiri. A Indiya da Pakistan, inda bazara ke ƙuna kamar tamu, akwai wani wardin gida mai ƙamshi da suke nomawa a fili don turare, wanda ya nuna mana cewa iri shi ne magana. Amma ma'aunin da ya fi kowane sauƙi shi ne wannan: ka nemi gidan da wardi ya shekara uku a raye cikin Sakkwato ko kewayenta, ka roƙi reshe. Ka yanko mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, ka cire ganyen ƙasa, ka soke shi cikin yashi mai laima a inuwa. Wanda ya ga bazara uku bai mutu ba ya riga ya ci jarrabawar da ta fi ta jami'a wuya.

Wurin dashe kuwa, a nemi gefen gabas na katanga, inda zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi da azahar. A nisanta shi daga gindin darbejiya, don saiwarta takan shanye ruwan duk abin da ke kusa da ita. Laka ta fadama tana riƙe ruwa fiye da kima, jigawa kuwa ba ta riƙe kome, saboda haka a gauraya su biyun da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki gara ya ke kira. A yi masa ɗan fangali kamar na albasa, a rufe gindin da buntun shinkafa, a zuba ruwa a gindi da sassafe. A kuma yi shinge, domin akuya ba ta san darajar fure ba, ƙayarsa kuma ba ta tsorata ta.

Sai batun ruwa, wanda ya fi damuna. Mutanen wannan yanki sun san halin gulbin Rima. An gama madatsar Goronyo a 1984. A 2010 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki, a 2018 kuwa ruwan madatsar ya ja baya har hankalin mutanen birnin Sakkwato ya tashi. Ruwan da ke haka amana ne. A ganina bai dace ba ɗalibi ya jera wardi ashirin yana shayar da su, ƙannensa mata suna dogon layi a bakin rijiya. Biyu ko uku sun isa gida. A dasa su kusa da inda ake alwala, ruwan da zai zube a banza ya zama rabonsu, a ƙara da ruwan wankin shinkafa. Ruwan sabulu da na omo kam a kai shi wani wuri.

Wanda kuma ba shi da halin wannan ɗawainiya, ga kariya nan, wadda Turawa da kansu suka laƙaba wa sunan wardin hamada, suna sayenta da tsada suna ajiyewa cikin tukwane. Tsiron ƙasashenmu ne na Sahel. Tana tara ruwa a kututturenta, tana zubar da ganye ta yi fure jajaja a tsakiyar rani, lokacin da kome ya yi fari fat. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a yi hattara da yara. Ga kuma lalle, wanda kakanninmu mata suka daɗe suna shukawa a bayan ɗaki, furensa da dare yana cika gida da ƙamshi. Abin kunya ne a ce mun san sunan furen Ingila da Turanci, ba mu san waɗannan ba.

Ina kira ga 'yan'uwanmu na sashen aikin gona musamman. Kuna rubuta kundin digiri a kan albasa da shinkafa, madalla. Amma a samu ko mutum ɗaya ya zagaya gidajen Wurno da Goronyo, ya tattara irin furannin da suka jure, ya gwada su, ya rubuta mana sakamakon da Hausa, yadda Inna da Kawu za su ji a karanta musu.

Ni dai bara cikin Nuwamba na sake gwadawa, da rassa biyu da wata dattijuwa ta ba ni a birni. Kawu ne ya zaɓi wurin, shi ya yi fangalin da hannunsa. Ɗaya ya mutu. Ɗayan ya ƙetare bazara, ya yi fure bakwai, Inna ta tsinki biyu ta sa cikin adakar tufafinta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon ganin na baɗi, amin.