Raddi Ga Masu Cewa Zamanin Kwalejin Mata Ya Wuce

Wata magana ta daɗe tana yawo a tsakanin masu sharhi kan ilimi a Amurka, wai kwalejojin mata zalla sun gama aikinsu, a haɗe su da na maza kowa ya huta. Babbar hujjarsu ita ce an kafa su ne don manyan jami'o'i sun hana mata shiga, to tun da Yale da Princeton suka fara ɗaukar mata a 1969, dalilin ya kau. Ban yarda ba, kuma Kwalejin Spelman ta birnin Atlanta ta ishe ni shaida.

Mu fara da asalin, domin nan kuskuren ya fi girma. Ranar 11 ga Afrilu 1881, wasu malamai biyu daga arewacin ƙasar, Sophia Packard da Harriet Giles, suka buɗe aji a ɗakin ƙarƙashin cocin Friendship Baptist, da dala 100 da ɗalibai 11. Ɗaki ne mai duhu da danshi. Yawancin waɗanda suka zauna a ciki manyan mata ne da aka haifa cikin bauta, a jihar Jojiya, inda doka ta taɓa haramta koya wa baƙar fata karatu. Waɗannan matan ba ƙofar Yale suke jira a buɗe musu ba. Suna so ne su iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, su rubuta wasiƙa, su koma su koyar da 'ya'yan unguwa. Da John D. Rockefeller ya biya bashin makarantar a 1884 aka sa mata sunan gidan surukansa, wato Spelman, a 1886 ta fara horar da ma'aikatan jinya, a 1901 ta ba da digirinta na farko. Manufarta tun ran gini ita ce ta yaye matan da za su ɗauki nauyin al'ummar da aka danne. Wace jami'a ce ta karɓe mata wannan aiki a 1969?

Sannan buɗe ƙofa daban, maraba daban. Sai da kotu ta tilasta wa Jami'ar Jojiya kafin ta ɗauki ɗaliba baƙar fata Charlayne Hunter a 1961, kuma cikin 'yan kwanaki aka yi zanga-zanga ana jifan ɗakin kwananta. Baƙuwar da aka ba tabarma a zaure ba ɗaya take da 'yar gida ba.

Suka ce kuma yarinyar da aka keɓe daga maza ba za ta iya gogayya da su ba in ta fito. Wannan zancen wanda bai san wurin ba ne. Morehouse, kwalejin maza inda Martin Luther King ya yi karatu, maƙwabciyar Spelman ce, kuma ɗaliban makarantun biyu suna ɗaukar darussa a azuzuwan juna. Abin da aka keɓe wa matan Spelman shi ne shugabanci: shugabar ɗalibai mace, editar jarida mace, zakarar ajin lissafi mace, ba wadda za ta saba da zama mataimakiya. Ga kuma abin da hakan ya haifar. A Maris 1960 shugabar ɗaliban Spelman, Roslyn Pope, ita ta rubuta takardar koken da ta buɗe gwagwarmayar ɗaliban Atlanta kan wariyar launi. Cikin waɗanda aka kama a zaman dirshan na wannan wata har da Marian Wright, wadda daga baya ta zama baƙar mace ta farko da aka ba lasisin lauya a Misisipi. Ko hukumar makarantar ba ta tsira ba: a 1976 ɗalibai suka kulle 'yan kwamitin amintattu a ɗakin taro suna neman a naɗa musu baƙar mace shugaba. Ba su samu ba a lokacin, sai a 1987 da Johnnetta Cole ta hau. Wa zai kira waɗannan matsorata?

Amma batun cewa karatu mai faɗi, inda ake haɗa tarihi da falsafa da adabi da kimiyya, ba ya ciyar da mai shi, amsarsa gajeriya ce. Rosalind Brewer, wadda ta shugabanci kamfanin Walgreens, ilimin sinadarai ta karanta a Spelman. Audrey Manley daga can ta tafi likitanci har ta yi riƙon ƙwaryar kujerar babbar likitar gwamnatin Amurka. Spelman kuma tana sahun gaba wajen yaye baƙaƙen matan da ke kaiwa ga digirin digirgir a fannonin kimiyya.

Saura hujjar da suke ganin ba ta da amsa: kwalejojin mata sun haura 200 a shekarun 1960, yau ba su kai 40 ba. Haka ne. Sai dai ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, na mata da na gauraye, duk suna kokawa da tsadar gudanarwa da ƙarancin ɗalibai, don haka rufewa shaidar aljihu ce kafin ta zama shaidar rashin amfani. Da ma a tambayi waɗanda suka zauna a ciki. A 2015 hukumar Kwalejin Sweet Briar ta jihar Bajiniya ta sanar da cewa za ta rufe. Tsofaffin ɗalibanta suka garzaya kotu, suka tara dala miliyan 12 cikin 'yan watanni, aka sauya hukumar, makarantar ta ci gaba da ɗaukar ɗalibai.