Kada na'ura ta ɓata mana suna

Ƴan kasuwa, ku duba rasit ɗinku da kyau kafin ku bar wurin biya. Sau nawa muka ga an rubuta Aïchatou, takarda ta fito da AÃ¯chatou? Gouré ta koma GourÃ©, ƙ ɗinmu kuwa ta zama Æ™, kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Wasu su ce ai ɗan tabo ne. To, ranar da mai tuyar ƙosai ta je karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko, aka ce sunan bai dace da na katinta ba, ta yini a layi, kasko ya huce, ranar za a san girman tabon.

Na'ura lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. Tsohon tsari, ASCII, alamomi 128 ke gare shi, babu é, balle ɗ. Amma tun 1992 aka ƙirƙiro UTF-8, wanda ya ɗauke ɓ, ɗ, ƙ, ƴ duka. Ɓarnar tana zuwa ne idan an ajiye fom da UTF-8, wata manhaja ta buɗe shi da tsohon tsarin Turai: harafi guda ya rabu biyu. Kamar a auna hatsi da tiya ne, a karɓa da wani kwano.

Laifin mai rubuta manhajar ne, shi ya kamata ya faɗa wa na'ura mudun da ya auna da shi. Layi ɗaya ne a aikinsa. Mu kuma, in suna ya fito a karkace, kada mu sa hannu sai an gyara.