Zazzaɓin da ke biyo sawun korona ya taɓa zuciyar yaro

Wannan makon na so in yi magana kan kuɗin fito a iyakar Seme da yadda canjin sefa ke wasa da jarinmu, sai wata baiwar Allah ta aiko mini saƙo daga Lome. Ta ce yaronta kwana biyar yana zazzaɓi, idanunsa sun yi ja, maganin maleriya ya ƙi kama shi, maigidan kuma yana kan hanya. Na ce mata ta ajiye wayar ta kai shi babban asibiti yanzu yanzu. Saƙon nata ne ya tuno mini abin da ya same mu a nan Zongon Kwatano, shi ya sa na ajiye zancen fito sai wani jiƙon.

Bayan babbar sallar 2021 mura ta zagaye gidan ƙanena. Shi ya yi kwana uku ba ya jin ƙanshin abinci, matarsa ta yi tari, yaran kuwa ko kwanciya ba su yi ba. Ba wanda ya je gwaji. Aka sha citta da lemun tsami, aka manta. Wajen wata guda bayan haka, ƙanen nawa yana Malanbil wurin lodin albasa, sai ɗansa mai shekara 9 ya kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon ciki da amai. Aka kai shi wani ƙaramin wurin shan magani na unguwa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, amma duk da haka aka ba shi maganinta, wai ko ta ɓuya. Kwana biyu ba sauƙi, aka ce to taifod ce.

Ran kwana na biyar da asuba uwar ta buga mini waya. "Yaya, ka zo ka ga yaron nan, jikinsa zafi amma hannuwansa sanyi ƙalau." Da na je na tarar idanunsa jawur amma babu kwantsa, leɓɓansa sun tsage, harshensa ja, ga wasu ƙuraje a ƙirji da ba su yi kama da ƙyanda ba. Na ce ya tashi zaune, ya ce, "Baba, jiri nake ji." Na ɗora hannu a ƙirjinsa, zuciyar tana gudu kamar wanda ya tsere wa kare.

A babban asibiti likitar yara ta yi wata tambaya da ba wanda ya yi mana a kwana biyar ɗin nan: a makonnin baya akwai wanda ya yi mura ko ya daina jin ƙanshi a gidan? Muka kalli juna. Wallahi da ba ta tambaya ba, ba za mu taɓa haɗa murar sallah da wannan kwanciya ba.

Ciwon yana da suna. A asibitocin da ake Turanci ana ce masa MIS-C, inda ake Faransanci kuma za ka fi jin PIMS. Ku rubuta su a takarda ku ajiye, don wanda ke zaune a ƙasar da ba harshensa ake yi a asibiti ba, kalma ɗaya tana iya rage masa dogon bayani. Likitocin Ingila ne suka fara yin shela a kansa a watan Afrilun 2020, na Bergamo a Italiya su ma suka ba da rahoton irinsa, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamominsa a watan Mayu na wannan shekarar. Yakan zo ne mako 2 zuwa 6 bayan korona ta shiga jikin yaro, sau da yawa ma yaron bai nuna ya kamu ba. Ƙwayar cutar ta riga ta wuce, sai garkuwar jiki ta tashi daga baya ta yi ta faɗa ba abokin gaba, ta kumbura hanji da fata da idanu da jijiyoyin jini, har da naman zuciya.

Abin da ya fi ba likitoci tsoro shi ne zuciyar. Idan namanta ya kumbura ba ta iya matsa jini da ƙarfi, sai ta ƙara gudu don ta cike giɓin, jini ya daina isa hannu da ƙafa, shi ne sanyin da uwar ta ji. Wani lokaci bugun ya rikice. Wani lokaci kuma ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar su buɗe fiye da kima. Wannan na ƙarshe ya yi kama da wani tsohon ciwo da likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967, sai dai nasa ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, wannan kuwa ya fi yawa a yaran da suka isa makaranta. A ƙididdigar Amurka da Ingila yaran baƙar fata sun fi yawa cikin waɗanda ya kama idan aka kwatanta da adadinsu a ƙasa, saboda haka kada wani ya ce ciwon Turawa ne.

To a gida me uwa za ta duba? Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara ne da zazzaɓin kwana 3 ko fiye. Idan ya haɗu da jan ido, ko ƙuraje, ko tsagewar leɓe, ko kumburin hannu da ƙafa, ko ciwon ciki da amai da gudawa, a tafi asibitin da ke da likitan yara. Ciwon cikin nan yakan yi tsanani har a ɗauka afendis ne. Alamomin da ke nuna zuciya ta fara gajiya kuwa ba sa jiran gari ya waye: haki alhali yaro yana kwance, ciwon ƙirji, jiri ko suma idan ya miƙe, sanyin hannu da ƙafa, ƙarancin fitsari, barcin da ake tashinsa da ƙyar. Jinjiri ba ya iya faɗa, amma za a ga ya kama nono ya saki yana haki yana zufa. Ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya yana natse. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Akwai kuma abin da na ga likitar ta yi: ta danne farcen yaron har ya yi fari, ta saki. Mai lafiya jan yakan dawo cikin daƙiƙa 2. Nasa sai da muka zuba ido muna jira.

Bari in tsaya kan ƙarin ruwa, don mu mutanen kasuwa muna son sa kamar me. Da zarar mutum ya galabaita sai a kira wani mai allura na unguwa ya rataya leda a ƙusa. Zuciyar da ta raunana idan aka ɗura mata ruwa da sauri, ruwan yakan taru a huhu, numfashi ya ƙara wuya. A asibiti na ga ana ba shi kaɗan kaɗan, ana sa masa abin sauraro a ƙirji bayan kowane ɗan lokaci. Haka asfirin: likita yakan rubuta ta a wannan ciwo da awo, amma kada uwa ta saya ta ba yaro mai zazzaɓi da kanta, tana da nata haɗarin ga hanta da ƙwaƙwalwar yara.

Gwajin da aka yi masa iri huɗu ne, kuma kuna da damar ku tambaya ko an yi. Na farko jini, a ga yawan kumburi a jiki, da wani sinadari mai suna turofonin da ke fita cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni. Na biyu wanda ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zanen bugun zuciya. Na uku hoton zuciya, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita, a nan ake ganin ƙarfin matsawarta da faɗin jijiyoyinta. Na huɗu na korona. Na hanci bai nuna komai ba, kuma likitar ta ce ba abin mamaki ba ne tunda cutar ta wuce; na jini ne ya nuna sawunta. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta sake gwada maleriya, ta kuma bincika ko ƙwayar cuta ce ta shiga jini, don su ma haka suke zuwa, kuma a ƙasashenmu su suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Gaskiya ciwon nan ba kowane yaro yake kamawa ba, tun can ma kaɗan ne, kuma ya ƙara raguwa a 'yan shekarun nan. Tun watan Mayun 2023 aka janye dokar ta-ɓaci ta duniya kan korona. Amma cutar tana nan tana yawo cikin mura, sannan ba ita kaɗai ke kumbura zuciyar yaro ba, wasu ƙwayoyin ma suna yi, alamomin kuma ɗaya ne.

Maganar da ta rage tawa ce da 'yan'uwana maza. Kwana biyar ɗin nan da muka ɓata, rabinsu jiran izini ne da jiran kuɗi. Uwar ta ga yaron yana lalacewa tun ran na uku, amma maigida yana inda waya ba ta shiga, kuɗin da ya bari na cefane ne. Alhaji, kafin ka hau mota ka bar kuɗin asibiti daban, ka faɗa mata a gaban wani babba cewa idan yaro ya rikice ta tafi ba sai ta neme ka ba, ka kuma nuna mata wanda zai raka ta ya yi tafinta.

Yaron namu ya yi kwana 9 a asibiti. An ba shi iskar numfashi da allurar kwantar da kumburi, ran na uku zazzaɓin ya sauka. An sake hoton zuciyar bayan mako biyu, aka kuma sakewa bayan mako shida, ta koma daidai. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne hana shi ƙwallo da aka yi na wasu watanni, kullum yana zaune a ƙofar shagona yana kallon abokansa suna bugawa. Ita kuma baiwar Allah ta Lome ta sake aiko saƙo shekaranjiya, ta ce an kwantar da nata, ana jiran sakamakon jini.