Tsoro Na Daji: Darasi Daga Karen Farauta

Idan aka gama girbi, gero da dawa suka shiga rumbu, ciyawa kuma ta bushe, sai lokacin farauta ya kama a ƙasar Katagum. Daga Azare zuwa Shira, daga Gamawa zuwa garin Katagum da ke kusa da kogin Jama'are, za ku ga samari da dattawa sun yi gayya tun da sassafe. Suna riƙe da gora da adda, ana kaɗa musu ganga, karnuka kuma suna gaba suna shinshina ƙasa. Da yamma sukan dawo da zomo ko gafiya ko zabon daji, su kuma dawo da labari. Sau da yawa ma labarin ya fi naman yawa. A cikin irin waɗannan labarai ne yara suke fara jin kalmar jarumtaka, kuma a nan ne da yawa daga cikinsu suke yi mata mummunar fahimta.

Yaro yakan ɗauka cewa jarumi shi ne wanda bai san tsoro ba, wanda yake kutsawa cikin duhuwa ba tare da waiwaye ba. Ya ku ɗalibai, ni ban yarda da wannan ba. A ganina, jarumi yana jin tsoro kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da sauran mutane shi ne yana sauraron tsoronsa, ya auna shi, sannan ya yanke shawarar abin da zai yi. Babu kuwa malamin da ya fi koyar da wannan darasi kamar karen farauta.

Ku lura da yadda kare yake tafiya a daji. Hancinsa da kunnensa sun fi na mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka yakan san abin da ke gaba tun kafin ubangidansa ya gani. Idan ya ji ƙanshin zomo, sai ya zabura da murna. Idan kuwa ya iso bakin rami ya tsaya cik, gashin bayansa ya miƙe, ya fara gurnani yana ja da baya, to, gogaggen mafarauci yakan tsaya shi ma. Ya san cewa ramin da gafiya ta haƙa yana iya zama makwancin gamsheƙa ko kububuwa. Sabon shiga ne yake dariya, ya ce kare ya cika tsoro, ya zura hannu.

Hausawa suna cewa, "Tsoro na daji, kunya na gida." Ma'anar wannan karin magana ita ce kowane wuri yana da ladabinsa. Kamar yadda kunya take ƙawata mutum a gaban iyaye da surukai, haka tsoro yake kare shi a cikin daji. Matsalar saurayi ita ce yakan musanya su: ya bar tsoro a gida, ya tafi daji da kunya. Yana jin kunyar abokansa su ga ya ja da baya, yana jin kunyar a ce masa rago. Wannan kunyar ce take zura hannunsa cikin rami.

Tatsuniyoyinmu sun daɗe da sanin haka. Akwai wata tatsuniya da ake yi a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, kowane gari da irin tasa. Wani maharbi yana da karnuka da yake ƙauna. Wata rana kyakkyawar baƙuwa ta zo gidansa, karnukan suka yi ta yi mata haushi. Ta roƙe shi ya raka ta, amma ta ce sai ya ɗaure su, domin tana jin tsoronsu. Ya ɗaure su, ya bi ta. Da suka yi nisa cikin daji, sai ta rikiɗe ta zama dodo. Maharbi ya ruga ya hau bishiya, ita kuwa ta fara sarar gindin bishiyar. Daga can sama ya ɗaga murya ya kira karnukansa, kowanne da sunansa. Suka tsinke igiya, suka zo suka cece shi.

Ku duba abin da ya jefa shi cikin haɗari: karnukansa sun yi masa gargaɗi, shi kuwa ya ɗaure gargaɗin da igiya. Ku duba kuma abin da ya cece shi: ya gudu, ya hau bishiya, ya yi kururuwar neman taimako. Waɗannan abubuwa uku su ne ainihin abubuwan da saurayi yake jin kunyar yi. Amma ba a taɓa jin mai tatsuniya ta kira wannan maharbi rago ba.

Irin wannan darasi yana nan a adabin wasu ƙasashe masu nisa. A shekarar 1908 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Jack London ya wallafa gajeren labari a kan wani matafiyi a yankin Yukon, a arewacin Kanada, inda sanyi yake daskarar da koguna. Wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya yi tafiya shi kaɗai cikin tsananin sanyi, amma ya raina maganar. Karen da ke tare da shi bai so tafiyar ba, domin jikinsa ya gaya masa ranar ba ta tafiya ba ce. Mutumin ya faɗa cikin ruwa, ƙafafunsa suka jiƙe. Ya hura wuta a ƙarƙashin bishiya, ƙanƙarar da ke kan rassa ta zubo ta kashe wutar. Yatsunsa suka sandare, ya kasa hura wata, ya mutu a wurin. Karen kuwa ya kama hanya zuwa sansanin da mutane suke. A Azare rana ce take ƙona mu, a Yukon sanyi ne yake kisa, amma halin mutumin ɗaya ne da na mai zura hannu a rami.

Wani daga cikinku zai ce: "Ai Hausawa sun kuma ce matsoraci ba ya zama gwani. Idan kowa ya bi tsoronsa, wa zai fita farauta, wa zai tsallaka kogi, wa zai ceci wani?" Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce. Sauraron tsoro dabam, yi masa biyayya dabam. Akwai ranar da ya wajaba mutum ya ji tsoro, amma duk da haka ya ci gaba. Ga misali na gaske.

A watan Janairu na 1925 wata cutar maƙogwaro mai kashe yara ta ɓulla a garin Nome, a Alaska. Teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya iya zuwa, maganin kuwa yana can nesa. Sai mutum 20 da karnuka kimanin 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, zango bayan zango, karnukan suna jan amalanke mara ƙafa a kan ƙanƙara. Sun yi tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Wani kare mai shekara 12, Togo, shi ya jagoranci zango mafi tsawo da haɗari. Wani kuma, Balto, ya jagoranci zangon ƙarshe cikin dare da guguwa, lokacin da ubangidansa ba ya iya ganin hanya sosai, sai dai ya dogara da shi. Maganin ya isa, aka shawo kan cutar.

Mene ne ya raba waɗannan mutane da matafiyin Jack London, alhali sanyin iri ɗaya ne? Abu uku ne. Suna da dalili mai nauyi, wato rayukan yara. Sun yi shekaru suna horar da karnukansu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan babu wanda ya ce shi kaɗai zai iya, kowa ya yi zangonsa ya miƙa wa na gaba. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ku riƙe. Kafin ku shiga haɗari, ku tambayi kanku: don me zan shiga, na shirya, kuma wa ke tare da ni? Idan amsar tambaya ta farko ita ce "don kada a yi mini dariya", to, ku koma gida.

Kada ku ɗauka wannan magana ta mafarauta ce kawai. Akwai wani wuri da kunyar ƙarya take kashe yara a garuruwanmu, wato cizon mahaukacin kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Yaro yakan tsokani kare, kare ya cije shi, sai ya ɓoye raunin don tsoron faɗan iyaye, ko don ya nuna shi namiji ne. Idan alamun cutar suka bayyana, kusan babu mai tsira. Amma idan aka wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, aka kuma garzaya asibiti don allurar rigakafi, ana iya tsira. A nan jarumi shi ne yaron da ya je ya ce, "Baba, kare ya cije ni." Haka kuma jarumi ne saurayin da ya ƙi cinna wa daji wuta don zomo ɗaya, da wanda ya bar wa wasu nama maimakon a zare adda a kansa.

Akwai kuma haƙƙin karen kansa. Karnukan tatsuniya sun amsa kira ne domin an ciyar da su, an kuma raɗa musu suna. Karen da aka saba jifa da dutse ba zai tsinke igiya don kowa ba. Duk wanda yake da kare, na farauta ne ko na gadi ko na kiwo, ya ba shi abinci da ruwa, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura. Yin haka kariya ce ga karen, da mai shi, da yaran unguwa baki ɗaya.

Saboda haka, idan kuka sake zama ana ba da labarin farauta, ku yi wa mai labarin tambaya ɗaya: me karenka ya yi kafin abin ya faru? Idan gogagge ne, zai faɗa muku cewa karen ya tsaya, shi ma ya tsaya. Da yawa daga cikin dattawan da suke ba da labari a yau sun kai ga furfura ne saboda irin wannan tsayawar.